Ku Tambaya: Wa ke auna sabon abu kafin hukuma ta sa hannu?

Wasiƙun wannan wata sun haɗu a kan magana ɗaya, ko da yake masu su ba su san juna ba: an kawo wani sabon abu, ana jiran hukuma ta ce a yi ko a bari, su kuma suna son sanin da wane ma'auni za a yanke. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Salamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar masu noman rani a yankin Matamaye. Wani furoje ya zo mana da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, za a ba mu a rabin kuɗi. An ce mu kai ra'ayinmu a rubuce kafin hukuma ta sa hannu. Samari na so, tun da mai ya gagare mu. Amma wani dattijo a cikinmu ya ce in aka cika fadama da fano, wato farantan hasken rana, ruwa zai gudu ya bar mu. Me za mu rubuta?

Wa alaikumus salam, sakatare. Ku rubuta kuna so, amma ku gindaya sharaɗi. Dattijon nan kuma kada a yi masa kallon mai tsoron zamani. Lissafi ya yi, ko da bai faɗe shi da alƙaluma ba.

Mai injin fetur yana tsaye a kan fangalinsa, da ya ga ruwa ya cika sai ya ruga ya kashe, don kowane minti daga aljihunsa yake fita. Tsadar mai ita ce birkinmu duk shekarun nan, musamman tun watan Mayun 2023 da Najeriya ta janye tallafin mai, 'yan ruwa-ruwa suka daina yi mana arha. Fano kuwa sau ɗaya ake biyansa. Daga hantsi har la'asar ruwa na zuba, ana buƙata ko ba a buƙata. Kuma mutum ba ya samun ruwa kyauta ya tsaya inda yake. Mai rabin eka ya nemi guda, mai albasa da kabeji ya ƙara rake, wani ya ja tiyo ya riƙa sayar wa maƙwabci. Ba laifi suka yi ba, ni ma da haka zan yi. Sai dai in mutum ɗari suka yi haka a kwari ɗaya, ruwan da damina ta ajiye a ƙarƙashin rairayi ba zai ƙaru don sun ƙaru ba.

An ga haka a Indiya. Jihar Punjab ta fara ba manoma wutar lantarki kyauta don ban-ruwa a 1997. Shinkafa da alkama suka yi albarka, ruwan ƙasa kuma ya yi ta nitsewa, har a 2009 jihar ta kafa doka ta hana dashen shinkafa kafin wata rana ta watan Yuni, a jira ruwan sama ya kusa. Wata gwamnati ta taɓa janye wutar kyautar, ba a yi shekaru da yawa ba aka mayar da ita, don abin da aka riga aka ba manomi ba ya karɓuwa cikin sauƙi.

Amma fadamarku ta Korama ba Punjab ba ce, kuma ban ce ruwanku zai ƙafe ba. A yammacin ƙasar nan tamu ta Nijar, wajen Yamai, masu bincike sun tarar ruwan ƙasa tasowa ya yi tsawon shekaru, har lokacin da ake kukan fari, saboda an share daji, ruwan sama ya riƙa gangarawa tabkuna yana nitsewa. Wa zai yi tsammanin haka da ka? Shi ya sa ni da dattijonku da mai furoje duk hasashe muke yi. Igiya ce za ta raba gardama.

Ku zaɓi rijiyoyi goma ko sha biyu: wasu a tsakiyar fadama, wasu a gefe inda tudu ya fara, da wadda gari ke sha, da wadda makiyaya ke shayar da dabbobi. A samu igiyar da ba ta miƙewa in ta jiƙe, a yi mata ƙulli kowane rabin mita, a ɗaura ɗan ƙarfe mai kwarmi a bakinta yadda in ya taɓa ruwa za a ji ƙararsa daga sama. A ɗiga fenti a wuri ɗaya a bakin kowace rijiya, kullum daga nan za a sauke igiya. Awo da asuba, kafin kowa ya ta da inji ko ya jefa guga, sau ɗaya a wata. A rubuta da biro a littafi mai taurin bango, mutum biyu su sa hannu, ɗaya daga masu son injin, ɗaya daga masu shakka. Ku fara a wannan watan, kafin fano ko ɗaya ya sauka. A shekarun da na yi ina aikin ƙididdiga a karkara, na sha ganin furoje ya ƙare, a turo mu mu auna amfaninsa, mu tarar ba wanda ya rubuta yadda abin yake kafin a fara. Sai a koma tambayar mutane, da can yaya ruwa yake? Wanda ya samu inji ya ce lafiya lau, wanda bai samu ba ya ce rijiya ta ƙafe. Rahoton da aka gina a kan wannan, takarda ce kawai.

Abin da ya sa na ce a haɗa da rijiyoyin gefe shi ne, in ruwa ya sauka da mita ɗaya, mai fano ba zai ji ba, ƙara tsawon tiyo zai yi. Wadda za ta fara ji ita ce tsohuwar da ke ban-ruwan salati da guga, da Bafillatanin da ya zo da shanu a watan bazara. Su kuma ba a kiransu taron da ake yi da mai furoje.

In za a haƙa sabuwar rijiya mai zurfi, musamman wadda mutane za su sha, ku nemi a kai ruwan a gwada, a ba ku kwafin sakamakon. Kada mu manta da Tibirin Gobir. An ba garin ruwan famfo daga rijiya mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980, ruwa garau kamar kowane ruwa, ashe sinadarin fuluwo ya yi masa yawa, ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita. Sai da haƙoran yara suka rine, ƙafafun ɗaruruwa suka lanƙwashe, sannan aka gano.

Kuna da doka a bayanku. Dokar 2018-28 ta watan Mayun 2018 ta wajabta nazarin illa ga muhalli da jama'a kafin manyan ayyuka, har da jin ra'ayin mutanen wurin, kuma akwai ofishin ƙasa da ke duba irin wannan nazari, BNEE. Ku tambayi mai furoje ko an yi, in an yi a karanta muku da Hausa. A takardarku kuma ku ce a fara da wani kashi na injinan, a duba littafin awo bayan rani biyu kafin a kawo sauran. A haɗa kowane inji da tanki ko abin da zai tsayar da shi. A faɗi sunan wanda zai gyara in ya lalace da inda ake samun kayan gyara. In Kano ce mafi kusa, a rubuta Kano.

Malam, ina wuni. Ni malama ce a wata makarantar firamare a cikin Damagaram. Ana ta maganar za a kawo wa yara ƙananan kwamfutoci na hannu. An nuna mana hotunan wata makaranta da aka gwada, yara na murmushi, an ce sakamako ya yi kyau. Ajina yara sun haura saba'in, wasu a ƙasa suke zama. Ta yaya gwamnati za ta san abin nan yana aiki da gaske kafin ta zuba kuɗi?

Lafiya lau, Malama, Allah ya saka da alheri a kan wannan aji. Tambayar farko da za ki yi wa mai hotunan ita ce: sakamako ya yi kyau idan aka kwatanta da na su wa? Ta biyu: wa ya zaɓi makarantar? Yawanci makarantar gwaji ita ce mai katanga da wuta da darekta mai himma, kusa da kwalta don baƙi su samu zuwa. Irin wannan makaranta ko gawayi aka raba wa yaranta za su fi na wasu.

Hanyar da ta fi gaskiya an taɓa bin ta a nan jaharmu, mutane da yawa ba su sani ba. A 2009 da 2010 ƙungiyar agaji ta CRS ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a ƙauyuka sama da 100 a jahohin Doso da Damagaram. Wata masaniyar tattalin arziki daga jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, da abokan aikinta suka raba ƙauyukan gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Duka an ba su malami iri ɗaya, darasi iri ɗaya, lokaci iri ɗaya. Rabi kawai aka ƙara wa koyon amfani da salula, irin ƙaramar nan mai maɓalli, a koyi buga lamba da rubuta saƙo, mutum biyar na raba waya ɗaya. Aka yi jarrabawa kafin farawa, aka yi bayan gamawa, aka sake komawa bayan watanni. Masu salula suka fi sauran a rubutu da lissafi. Ratar ba ta sama da ƙasa ba ce, amma a fili take, kuma ba ta ɓace ba bayan an rufe aji.

Ƙuri'ar ita ce sirrin. Tun da ba mai gari ko ɗan siyasa ko ma'aikacin furoje ne ya zaɓa ba, ƙauyuka masu ƙwazo da masu kasala sun watsu a ɓangarorin biyu daidai gwargwado, don haka bambancin da aka gani a ƙarshe wayar ce ta kawo shi. Na san akwai mai cewa zalunci ne a ba wasu a hana wasu. Amma kayan furoje ba su taɓa isar kowa ba. Da a raba su da sanayya, gara a raba da ƙuri'a a gaban jama'a, a kuma samu ilimi a kai.

Sai ki dubi Peru, a Kudancin Amurka. Gwamnatinsu ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 ta raba wa 'yan makaranta. Aka yi irin wannan gwajin na ƙuri'a a makarantun karkara 319. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna bayan wata 15 yara sun iya sarrafa kwamfutar sarai, amma a lissafi da karatu ba su fi waɗanda ba a ba su ba. Kuɗin kuwa an riga an kashe.

Me ya raba biyun? A ganina, salular ƙauyukanmu ta samu malami a tsaye da darasi da aka tsara, ta kuma samu dalili: mace na son ta tura wa mijinta da ke ci-rani saƙo ba tare da ta kira ɗan maƙwabta ya karanta mata sirrinta ba. A Peru na'urar aka miƙa, aka sa rai za ta yi aikin da kanta.

Wani abu kuma da masu kawo kaya ba sa son a ambata: kuɗin nan da za a sayi kwamfutoci, me zai yi in aka sa shi a wani wuri? Tebura nawa, littafin karatu nawa, ƙarin malami nawa don a raba ajinki biyu? Gwajin da ya dace da gwamnati shi ne wanda zai ba wasu makarantu na'ura, wasu kuma littattafai da horon malamai na daidai wannan kuɗi, sannan a gwada. In na'urar ta ci, ni ne zan fara rubuta a saya. Ki kuma tambaya ina za a yi caji, wa zai biya in allon ya fashe, kuma sunayen yara da hotunansu da na'urar za ta tara ina za su. Muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, amma ba kasafai ake tunawa da ita ba in maganar yara ce.

Baba, da girmanka, amma ku tsofaffin ma'aikata kun cika nazari. Kafin ku gama nazari duniya ta wuce mu. Da an jira nazari da salula ba ta shigo ba. Ga Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam, ya zo, sai mu ce a dakata a yi shekara biyar ana bincike? Wani matashi mai gyaran waya, Sabon Gari.

Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, kuma na san ofisoshin da nazari ya zame musu hanyar cin kuɗin taro. Ba kowane abu ne ke buƙatar jira ba. Abin da za a duba shi ne: in abin ya ɓaci, ana iya komawa baya? Kuma wa zai ɗauki asarar, wanda ya zaɓa da kansa ko wanda ba a tambaye shi ba? Wanda ya sayi kwanon Starlink, tun da aka buɗe shi a ƙasar nan a watan Maris na 2025, in bai gamsu ba ya daina biya, asararsa ce. Aikin ARCEP, hukumar kula da sadarwa, a nan shi ne ta bi sawu tana aunawa: farashi, inda ya kai, abin da ya yi wa kamfanonin da ke kafa eriya a ƙauye. Wannan ba ya hana kowa aiki.

Amma dubi canjin takardun naira. An sanar a watan Oktoban 2022, aka sa ƙarshen Janairun 2023 a matsayin ranar da tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 za su daina aiki, ana son tura mutane ga biya ta waya. Ba a gwada a jiha ɗaya ba, ba a ƙidaya ƙauyukan da ba banki ba sabis ba. Mu da ba ƙasarmu ba ce muka sha tare da su, don a Magarya da Dungas da kasuwannin iyaka naira ce ke yawo. Mutum ya kai rago Maigatari ya rasa mai kuɗi a hannu, ya karyar. Sai da Kotun Ƙolin Najeriya ta sa baki a watan Maris aka dawo da tsofaffin takardun. Wannan gaggawa ta ci mutane fiye da kowane jinkiri.

Wani masani ɗan Ingila, David Collingridge, ya faɗi matsalar tun 1980: lokacin da abu yake sabo, ana iya tanƙwara shi amma ba a san illarsa ba, lokacin da aka san illar, ya riga ya kafu. Leda ce shaidarmu. Ba wanda ya tambayi komai da ta shigo. An kafa dokar hana ta a 2014, ka fita ka dubi ƙayoyin bakin gari da cikin tumbin awakin da ake yankawa ka gaya mini.

Tsakanin jira da gaggawa akwai hanya. Allurar zazzaɓin cizon sauro ta farko an fara ba da ita a wasu yankuna na Ghana da Kenya da Malawi a 2019, ana bayarwa ana aunawa. A watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a faɗaɗa, mu kuma aka fara a Gaya a watan Satumban 2024. Yara sun samu tun ana gwaji, iyaye kuma suna da abin da za a nuna musu in sun yi tambaya. Wanda ya san abin da ya biyo bayan gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996, da yadda aka ƙi allurar shan-inna a 2003, ya san darajar wannan.

Malam, ni wake nake saye ina tarawa a Kasuwar Dole. Abokan cinikina na Najeriya suna ba ni labarin wani sabon irin wake da tsutsa ba ta ci. Wasu sun ce an canza masa halitta, haram ne ko guba ne. Wasu manoma sun fara tambayata iri. Ya kamata gwamnatinmu ta bari a shuka?

Alhaji, irin da suke nufi sunansa SAMPEA 20-T, cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ce ta fitar da shi, Najeriya ta amince da shi a 2019. An sa masa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta ƙasa da ke kashe tsutsar nan mai huda fure da kwanso. Masu shi sun ce feshi yana sauka daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Ka lura, tsutsar gona kawai yake tarewa. Ƙwaron da ke huda wake a sito, wanda shi ne ciwon kanka, bai shafe shi ba. Maganar halal da haram ta malamai ce, ba tawa ba. Ban ga hujjar kiransa guba ba. Hukumomin Najeriya sun duba wannan kafin su sake shi. Amma muna da tamu dokar ta 2019 a kan irin waɗannan tsirrai, kuma kai ɗan kasuwa ne, kada ka zama kai ke raba iri a bayan fage kafin hukuma ta yi magana.

Tambayar ko a bari, Burkina Faso ce ta koya mana yadda ake yin ta. A 2008 suka fara noman audugar da aka yi wa irin wannan gyara, ta kamfanin Monsanto. Manoma suka so ta: feshi ya ragu daga shida zuwa biyu, amfani ya ƙaru, har ta mamaye mafi yawan gonakin audugar ƙasar. Ashe zarenta ya gajarce. Manomi da kilo ake biyansa, bai ga komai ba. Kamfanonin da ke gurzawa su sayar waje kuwa da tsawon zare ake yi musu farashi, kuma audugar Burkina da tsawon zare ta yi suna. Suka nemi diyyar sefa biliyan 48, a 2016 ƙasar ta koma tsohon iri. An auna tsutsa, an auna nauyi, abin da mai saye na ƙarshe yake dubawa shi ne ba a ba muhimmanci ba.

To, a nan ne ra'ayinka ya fi na injiniya. In INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasarmu, za ta gwada waken nan a gonakinta, ya kamata a kira irinku a tambaye ku: girman ƙwaya, launin ido, yadda yake jiƙa, ko mai ƙosai da mai alala za su sake saye. A kira mai kiwo ya dubi harawa, don a nan harawa wani lokaci ta fi waken kansa kuɗi. A gwada shi a cikin hatsi yadda muke shukawa a jigawa, a damina mai kyau da mai yankewa, ba shi kaɗai a fili mai taki ba. A kuma tambaya wa ke da irin, nawa zai sayar, kuma manomi na iya ajiye nasa ya sake shukawa ko a'a.

Ga ciwon kanka kuma akwai abin da aka riga aka gwada aka gama: buhun nan mai ruɓi uku na PICS, wanda jami'ar Purdue da masu binciken INRAN na Maraɗi suka yi aiki a kansa tun 2007. An cika buhuna a ƙauyuka a gaban mutane, aka ɗaure, aka dawo bayan watanni aka kwance a gabansu. In wake ya bushe sosai, ba huda a ledar, an ɗaure kowane ruɓi daban, ƙwaro na mutuwa don rashin iska, ba sai an zuba fiya-fiya ba. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015.

Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou, fannin labarin ƙasa. Wa ya kamata ya riƙa yin irin wannan awo a ƙasarmu? Kuma ina neman abin da zan rubuta kundina a kai.

'Yata, kowa na iya yi ban da mai sayar da kayan da wanda ya ba da kwangilar. Faransa tana da ofishi a majalisarta tun 1983 da ke nazarin sababbin fasahohi don 'yan majalisa. Amurka ta kafa nata a 1972, ta rufe shi a 1995 da sunan tsimin kuɗi, har yau wasu na kiran a dawo da shi. Mu ba sai mun gina sabon bene a Yamai ba. Da za a ware ɗan kaso daga kuɗin kowane babban furoje, a ba jami'o'in jaha su auna, da sharaɗin za a wallafa sakamako ko ya yi daɗi ko bai yi ba, a kuma karanta taƙaitawarsa da Hausa da Barbarci a rediyo, da an yi nisa. Binciken Aker na farashin hatsi ya nuna shigowar salula daga 2001 zuwa 2006 ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanninmu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wani binciken na biye ya nuna kuɗin da manomi ke samu a hannu bai tashi ba. A kasuwanninmu aka tattara wannan, amma manoma nawa suka taɓa jin sa?

Kada kuma ki ɗauka sabon abu sai wanda ya zo a kwali. Sassaben zamani, barin gawo da sauran itatuwa su tofo a gona, manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun yi shekaru suna yi, jami'ai na ta lissafin dashen da ya mutu. Sai da aka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam aka ga kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a ƙasar nan, yawanci a Maraɗi da Damagaram.

Ga kundinki: ki bi sawun mataccen batir. Fano ya cika rufin gidaje da shaguna tun yankewar wutar Najeriya a watan Agustan 2023, kuma yawancin batiran masu dalma ne, ba sa daɗewa a zafinmu. A Thiaroye, bayan garin Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda ƙurar dalma daga fasa tsofaffin batira a cikin unguwa. Ki zaɓi unguwa biyu, ki ƙirga masu sayarwa, ki tambayi masu gida wa suke ba tsohon, ki bi 'yan gwangwan har inda suke tarawa, ki ga ko a nan ake fasawa ko lodi ake yi zuwa Kano, ina ake zubar da ruwan batirin, kuma yara na wasa kusa ko a'a. Ki je da takardar izini daga jami'a, ki fara gaida sarkin 'yan gwangwan kafin ki fito da littafi, kuma kada ki taɓa komai a wurin ba safar hannu.